Neville da Kyandiran Goggo Muoi

Sati shida Neville Trenowden ya yi a ajin koyon yarenmu, sai ya fara gyara mini magana. Ni kuwa shekara saba'in da huɗu ina yin yaren.

Bature ne, maƙwabcina a Virginia, arewa da Adelaide, inda muka zauna bayan mun baro ƙasarmu. Danga ce kawai tsakaninmu. Ni ina noman kokwamba a rumfunan leda, shi yana gyaran injin ban-ruwa. Inji kam ya iya shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sauran abubuwan duniya a baki ya iya su.

Ɗansa Callum ne silar shigarsa kwaleji. Callum ya ga Thoa, jikar Goggo Muoi, dattijuwar mutanenmu a nan, ya ce shi ya gama dube-dube. Shekara biyu yana zuwa gidan, yana cire takalmi a ƙofa, yana cin abin da aka zuba masa, yana rufe bakinsa. Goggo Muoi ce ta raini Thoa, kuma a gidan nan in ba ta gyaɗa kai ba ko kujera ba ta motsi. Daga ƙarshe ta ce a kawo kayan baiko ta gani. "In gani" ta ce, ba ta ce "na yarda" ba. Ta taɓa mayar da wani mai kantin magani da kayansa duka, saboda uwarsa ta zauna kafin a ce ta zauna.

Wata safiya ina gyaran tiyo sai ga Neville a bakin danga. Ya harɗe hannu a ƙirji ya duƙa, irin gaisuwar da yara 'yan shekara biyar ke yi wa kakanninsu. Ya faɗi wani abu. Da hannun na gane gaisuwa ce.

"Yaya Sau," in ji shi, don haka ya koma kirana, "Malama Diem ta ce ba ta taɓa samun ɗalibi irina ba."

"Na yarda."

"Mu goma sha ɗaya ne a ajin, amma ni kaɗai ake ji."

"Wannan ma na yarda."

Ya jingina da dangar har ta yi ƙara, ya zayyana mini shirinsa. A ƙarshen zango kowane ɗalibi zai nuna wani abu na al'ada a ba shi maki. Wata za ta dafa miyar taliya, wani zai yi waƙa. Shi kuwa baiko na gaske zai kai. 'Yan ajinsu su ɗauki tiren kaya, Malama ta tsaya ta kalla, ɗaya daga ciki ya ɗauki bidiyo. Aure ya tsaya, maki ya fito, duk a rana ɗaya.

Na ce, "Wa zai yi magana a madadin dangin ango?"

"Wa kake gani a gabanka?"

"A kan nemi dattijon da ya san gidan."

"Kada ka ji haushi, Yaya Sau. Kai ka baro ƙasar can shekara arba'in da wani abu. Al'adar taka ta yi tsatsa. Tawa daga littafi take, bugun bara."

Na ce to. Na koma kan tiyona.

Da la'asar Callum ya same ni a rumfa. Ya ɗauki kwando ya taya ni tsinka har muka kai ƙarshen layi.

"Kawu, ka ji abin da Baba ke shirin yi?"

"Duk unguwa ta ji."

"Na roƙe shi, Mama ta roƙe shi. Ya ce sau ɗaya zai aurar da ɗa. Kawu, in Kaka ta ce a'a, Thoa ba za ta tsallake maganarta ba. Ta gaya mini. Don Allah ka zo, ko tafinta ne ka yi mana."

Na ce zan zo. Na rubuta masa sunan shagon da ke titin Hanson, inda ake haɗa komai: tire, jan ƙyalle, gasasshen alade, kyandir. Sannan na ce abu ɗaya zai gaya wa ubansa, ya nisanci kyandir.

Mu mutanen kudu, ranar baiko dangin ango kan kawo manyan kyandira biyu jajaye, ɗaya da zanen dodo, na ango, ɗaya da zanen tsuntsuwa, na amarya. A kunna su a teburin kakanni. Wanda nasa ya mutu, shi zai riga ɗan'uwansa barin duniya. Yaran yanzu dariya suke yi wa wannan. Goggo Muoi ba ta dariya. Ranar baikonta a Ca Mau, can kudancin ƙasarmu, iska ta shigo ta taga ta kashe na ango. Mijin a cikin jirgin ruwan da muka gudo ya rasu, kwana biyu kafin mu ga ƙasa. Ni ma ina cikin jirgin.

Washegari Neville ya dawo mini da takardar ta saman danga.

"Shago? Yaya Sau, ai wannan na malalata ne. Al'ada ta gaske da hannu ake yin ta."

Ranar Juma'a tun azahar hayaƙin aladen da Neville ke gasawa ya rufe rumfunana. Ina jiyo matarsa Raelene tana kwaɗa masa kira.

"Nev, kansa ya kama!"

"Haka ake so!"

"Nev, wuta ce a kansa!"

"Kawo mini almakashin shinge!"

Ban leƙa ba. Da ma na leƙa.

Asabar aka tashi da zafi irin wanda ke sa kwalta laushi. Goggo ta duba kalandarta ta tsayar da ƙarfe tara. Ni tun bakwai ina gidanta, ina taya ƙannen uban Thoa kafa rumfa. An jera 'yan mata shida a bakin ƙofa cikin jajayen riguna, su za su karɓi tire. Goggo tana zaune a kujerarta daga ciki, inda take hango ƙofar gida sarai.

Tara saura kaɗan a-kori-kurar Neville ta tsaya, motoci uku na bin ta. Ya sauko cikin doguwar shuɗiyar riga ta haya, maɓallanta suna neman agaji. Hular rigar ta yi masa kaɗan, sai ya riƙo ta a hannu. Zufa kuma ta dame shi a hanya, sai ya naɗe farin hankici ya ɗaure goshinsa tam, ya ƙulle a ƙeya.

Surutun ƙofar gida ya yanke.

Goggo ta yafito ni. "Sau, wa ya mutu a gidansu?"

"Babu kowa, Goggo."

"To wa yake yi wa makoki da farin ƙyalle a ka, ranar baikon jikata?"

"Zufa ce."

Ta dube ni. "Zagi ne ko wauta?"

"Wauta ce."

Na fita na fizge hankicin na cusa a aljihuna. Neville ya shafa goshi, ya washe baki ya ɗaga wa Goggo hannu.

"Ba sai ka fassara ba, na ji ta. Rigar take yabawa."

"E," na ce.

Sai masu ɗaukar tire suka jeru. Samari ake ba wannan aiki, waɗanda ba su taɓa aure ba. Na gaba Stavros ne, direban tasi, ya saki mata biyu. Na bayansa wani tsohon ɗan sanda ne mai ciwon gwiwa. Ta ƙarshe Beryl ce, shekararta saba'in da takwas, ta binne maza uku, tire a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. 'Yan matanmu suka dubi samarin da aka kawo musu, suka dubi ƙasa, kafaɗunsu na rawa.

Wani ƙanen uban Thoa ya matso kusa da ni. "Yaya, daga asibiti aka kwaso su?"

"Daga kwaleji."

Aka miƙa tire aka karɓa, ɗaya, biyu, har shida. Beryl ta tsaya da nata, babu mai karɓa. Bakwai ne.

Wata siririyar mata mai tabarau ta taho da sauri daga motar baya. Malama Diem ce, 'yar Hanoi ta arewacin ƙasarmu, mai ladabi, fuskarta kamar wadda ta haɗiye ƙashi.

"Malam Neville, bakwai ka kawo?"

"Yadda kika koyar, Malama." Ya zaro littafinsa daga cikin riga, ya jiƙe da zufa. "Ga shi nan. Tire bakwai ko tara."

"Na ce a arewa. Me na faɗa bayan wannan?"

Ya juya shafi. Babu komai.

Stavros ya ce, "A nan ne ka ɗaga hannu ka ba mu labarin zuwanka Bali."

"Na ce mutanen kudu shida ko takwas suke kaiwa, bibbiyu, don kada wani ya tsaya shi kaɗai. Na ce a tambayi mutanen gidan. Kowane darasi sai na ce a tambayi mutanen gidan!"

"Ai shi ya sa nake son ki, Malama, ba kya barin ko ƙaramin abu."

Na ɗaga ƙyallen tiren Beryl. Gwangwanayen giya ne masu sanyi, ƙarin da Neville ya yi daga kansa. Na karɓa na kai bayan tankin ruwa na ajiye. Ƙannen uban Thoa uku suka bi ni da ido har suka ga inda na sa.

Daga ciki Goggo ta ce, "Sau?"

"Wauta ce, Goggo."

"Su shigo."

Aka cire takalma. Aka ɗauki lokaci a kan tsohon ɗan sanda, don ba ya iya duƙawa. Aka jera tire a gaban teburin kakanni, inda hoton mijin Goggo yake tsakanin lemo da turaren tsinke. Callum ya tsaya a gefe cikin rigarsa, ya sunkuyar da kai. Raelene ta rungume jakarta a ƙirji. Ita kam ba ta zauna ba sai da aka ce ta zauna.

Na buɗe baki zan gabatar da baƙi, Neville ya sa gwiwar hannu ya kawar da ni. Ya zaro takarda huɗu, ya yi gyaran murya.

Ya yi minti goma sha biyu. Na duba agogo. Muryarsa tana hawa inda ya kamata ta sauka, tana sauka inda babu hanya. Da na kasa kunne sosai na fara tsintar abu nan da can. Duk jumlar da aka koya musu a zangon ya haɗa, bai bar ko ɗaya ba. Sunansa Neville. Shekararsa sittin da ɗaya. Yana da ɗa ɗaya da kare ɗaya. Yau Asabar, gobe Lahadi. Kansa yana ciwo.

Goggo ta karkato. "Wane yare ne wannan?"

"Namu."

"Na wane gari?"

"Na kwaleji."

"Me yake cewa yanzu?"

"Yana tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa."

"Ka nuna masa."

Neville ya ga tana magana, ya ɗauka ta ji daɗi ne, ya ƙara murya. Ya nemi ɗaki mai kallon teku na kwana uku. Ya ce mangwaron ya yi tsada, a rage masa. Wata gwaggon Thoa ta tashi da gudu ta shige kicin, muna jiyo ta tana tari a can. Malama Diem ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ina jin don kada ta gani sosai.

Da ya gama 'yan ajinsu suka tafa. Ya duƙa musu, ya duƙa wa bidiyo.

Na ce da Goggo, "Ya ce sun zo neman Thoa wa ɗansu, da ladabi."

"Duk wannan?"

"Na taƙaita."

Aka fara buɗe kaya. Goron taunawa da ganyensa, lafiya. Ganyen shayi da giyar shinkafa, lafiya. Kayan marmari, shinkafa mai danƙo, wainar aure, duk lafiya, don Raelene ce ta sayo su a ɓoye. Callum ya fara numfashi. Sai aka zo kan babban tire, Neville ya ce shi zai buɗe da kansa. Ya kama jan ƙyallen ya fizge kamar mai rufa-ido.

Aladen ya gasu, wani wajen ma ya wuce gasuwa. Amma kansa sumul yake kamar ƙwarya. Babu kunne ko ɗaya.

Tsofaffin ɗakin suka sandare. Wata ta rufe baki da hannu biyu. Yaran ba su gane ba, suna ta kallon fuskokinmu. A zamanin iyayenmu, in aka aika wa gidan yarinya alade da yankakken kunne, an gaya wa duniya ke nan cewa yarinyar ba ta tsare kanta ba. Ba a ƙara ko kalma a kai. Na ga an zare adda a kan wannan a ƙauyenmu.

Goggo Muoi ta miƙe. Ba ta nemi sanda ba.

"Ku kwashe kayanku."

Wannan ba sai an fassara ba. Callum ya yi fari fat. Can cikin ɗaki, inda Thoa ke jiran a kira ta, na ji an tura ƙofa kaɗan.

Na kama hannun rigar Neville. "Ina kunnuwan?"

"Oh, sun ƙone ne, sai na daidaita su da almakashi. Ka ga ai ya fi tsafta. A shafi na talatin an ce ana son kaya su yi kyan gani."

"Ina suke?"

"Na ba kare, ina ji."

"Ba ka ba kare ba," in ji Raelene. Ita ce maganarta ta farko tun da suka shigo. "Ka bar su a kan teburina. Shekara talatin da biyar ina bin bayanka ina kwashe abin da ka yar."

Ta buɗe jaka. Ta fito da tabarau, da maganin hawan jini, da makullai, sannan wani ƙunshi a takardar gashi. Ta warware. Abu biyu baƙaƙe, a murɗe kamar busasshen ganye. Ta kai wa Goggo da hannu biyu, ba wanda ya koya mata.

Goggo ta ɗauki ɗaya ta juya, ta sansana. Ta dubi Neville tun daga ƙafa har kai. Ya harɗe hannu ya yi mata gaisuwar yara.

"Wauta ce," ta faɗa da kanta. Ta koma ta zauna. "A mayar masa da kunnensa. Sau, ka gaya wa mutumin nan kuskure ɗaya ya rage masa."

Aka kawo tsinken sakace aka soke wa alade kunnuwansa. Ɗaya ya kalli gabas, ɗaya ya kwanta.

"Me ta ce?" in ji Neville. Wannan karon ya tambaya.

"Ta ce ka zauna ka huta."

"Haba, yanzu aka zo wajen da na fi ƙwarewa."

Aka fito da Thoa cikin jar riga, idonta ya yi ja shi ma. Ta tsaya kusa da Callum. Goggo ta ɗaga yatsa, aka kashe fanka biyu, aka rufe tagogi, aka ja ƙofa. Mutum arba'in a falo ɗaya, a wannan zafi, ba mai ko fifita da hannu.

Na miƙa hannu in karɓi kyandiran. Neville ya riga ni, ya jawo su daga wata jakar leda.

Kowanne ya kai kaurin cinyata. A shagon kayan lambu ya saye su, irin na korar sauro, ya shafe su da jan fentin da yake yi wa inji. Zanen ma shi ya yi. Dodon ya fito ƙadangare, tsuntsuwar ta fito kaza.

"Na hannu," in ji shi. "Kwana uku na yi a kansu."

"Baba," in ji Callum a hankali, "ka bar wa Kawu Sau."

"Wakilin ango ne ke kunnawa. Malama, ba haka ba ne?"

"Haka ne, amma..."

"Kun ji."

Mazaunin kyandir na tagulla ne, bakinsa bai fi yatsa biyu ba. Neville ya zaro wuƙar aljihu ya hau fiƙe gindinsu a gaban hoton mamaci, ɓarɓashi na zuba cikin lemo. Ya cusa, ya murɗa, ya danna. Suka tsaya, a karkace. Ya ƙyasta ashana ya kunna na ango, ya kunna na amarya.

Suka kama. Har na ga kafaɗar Goggo ta sauka kaɗan.

Sai wuta ta iso kan fenti. Baƙin hayaƙi ya miƙe tsaye, igiya biyu, ya doki silin. Warin maganin sauro ya cika ɗakin. Beryl ta fara tari. Ba wanda ya motsa, don duk wanda ya motsa iska zai kaɗa. Hayaƙin ya bi silin a hankali, muna kallonsa, har ya isa ga 'yar farar na'urar nan mai gano hayaƙi da hukuma ta ce kowane gida ya maƙala.

Ta kwarma ihu.

Jarirai suka amsa. Karen maƙwabta ya amsa. Tsohon ɗan sanda ya fara cewa kowa ya fita a layi.

"Ku kwantar da hankali!" in ji Neville. "Wannan aikina ne!"

Na ga ƙirjinsa ya kumbura. Na kai hannu na cafko rigarsa ta baya, maɓalli uku suka yi tsalle, ɗaya ya faɗa kofin shayin Malama. Bai tsaya ba. Ya duƙa ya hura, hurawa ɗaya, irin ta mutumin da ya shekara sittin yana kashe kyandir a kan kek.

Duka biyun suka mutu.

Stavros ya tafa sau biyu. Ya ga shi kaɗai ne, ya sa hannuwansa a aljihu.

Wani ya hau kujera ya cire wa na'urar batir. Shirun da ya biyo baya ya fi ihun muni. Thoa ta riƙe hannun rigar Callum. Neville ya juyo yana haki, riga a buɗe, farar singileti a waje.

"Shi ke nan, an shawo kanta. Ba sai kun gode ba."

"Nev," in ji Raelene, "rufe bakinka."

"Ai na..."

"Malam Neville," in ji Malama Diem, "rufe bakinka."

Goggo ta taka har gaban tebur. Ta daɗe tana kallon lagwani biyun da ke fitar da siririn hayaƙi. Sannan ta kalli hoton mijinta. Ba ta juyo ba ta yi magana.

"Sau. Wanne ya fara mutuwa?"

Tun safe nake gyara gaskiya. Wannan karon ba ta buƙaci gyara ba.

"Tare suka mutu, Goggo."

"Kai tun ɗazu kake mini ƙarya. Ka ɗauka ban sani ba? Ke, malama, ke da kika yi karatu. Wanne?"

"Tare, Kaka."

"Ke kuma tausayi ne ya cika ki. Wancan mai riƙe da waya, ya kawo."

Ɗan ajinsu mai ɗaukar bidiyo bai daina ɗauka ba tun daga ƙofar gida. Aka kawo wayar. Thoa ta mayar da hoton baya, ta rage masa gudu. Goggo ta sa tabarau. Muka taru a bayanta, mutum arba'in, muna kallon kumatun Neville suna kumbura a hankali, maɓalli na tashi a hankali, leɓensa na tsukewa. Wuta biyu suka kwanta gefe ɗaya, suka ɗauke.

"Sake."

Aka sake.

"Sake."

Sau uku ta kalla. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga.

"Tare," in ji ta. "To babu wanda zai zauna shekara arba'in yana zuba wa hoto shayi."

Ta mayar da tabarau. Ta dubi Callum.

"Kai, wannan ubanka ne na gaske?"

Callum ya amsa da yarenmu, ɗan kaɗan da ya tsinta a kicin ɗinta. "E, Kaka."

"Kuma ka tashi a gidansa ka fito da hankali. To ka iya haƙuri. Za ka iya zama da jikata." Ta juya ga wata gwaggo. "Buɗe kabad ɗin can, akwai kyandira biyu a jar takarda. Tun ranar da na ji uban ya shiga makaranta na saye su. Sau, kai za ka kunna. Amma a fara fitar da mutumin nan. Bakinsa iska ce."

Ƙannen uban Thoa biyu suka kama Neville, ɗaya a kowane hannu.

"Ina za mu? Wani sashe ne na bikin?"

"E," na ce. "Uban ango a waje yake tsayawa."

"Ban ga wannan a littafi ba."

"Na kudu ne."

Ya nemi biro ya rubuta.

Na kunna kyandiran Goggo. Suka ci lafiya har ƙasa. Callum da Thoa suka durƙusa wa kakanni, Raelene ta sa wa yarinyar 'yan kunne tana share hawaye. Aka buɗe tagogi, aka ci alade. Kunnuwan ba wanda ya taɓa. Neville yana bayan tankin ruwa tare da tire na bakwai, wanda ya tarar babu komai a kansa.

Malama Diem ba ta ba shi maki ba. Ta roƙi Goggo izinin bidiyon, kuma yanzu shi take fara nuna wa duk sabon aji ranar farko, kafin ma ta koya musu gaisuwa. In ya ƙare sai ta rubuta a allo: a tambayi mutanen gidan. Neville ya ji labari. Ya zo bakin danga ya ce mini yanzu shi ake koyarwa a kwaleji.

An ɗaura auren a watan Afrilu. Sharaɗi ɗaya Goggo ta sa. Lokacin kunna kyandir, Neville ya kasance a rumfar kokwambata, kilomita biyu daga gidanta, ƙofa a rufe, ni a bakin ƙofar. Aka ce masa wannan ma al'ada ce, girmamawa ce ga uban ango. Ya sayi sabuwar riga dominta.

Haka na rasa ɗaurin auren da na yi wa wahala. Awa ɗaya da rabi muna zaune a kan kwanduna. Ya shiga aji na biyu yanzu. Ya dubi shukata layi-layi, ya girgiza kai, ya zaro littafi daga cikin riga, ya ce a can ƙasar ba haka ake ɗaure kokwamba ba, yana babi na tara.

Na ce to.